Kaset ɗin Sa'adatu da Ban Kai Tasha Ba

Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin abin da bawa ya ɓoye a ƙirjinsa da abin da ya ɓoye a ƙarƙashin littattafansa, wanda jinkirinsa ba mantuwa ba ne. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa, wanda mutanen garinsu suka shaide shi da riƙon amana tun kafin a aiko shi, da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a wannan kaka ƙanwata Sa'adatu ta cika shekara goma sha biyar a kabari. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, na girme ta da shekara tara, kuma katanga ɗaya ce ta raba gidana da nata a nan Dakoro har ranar da muka ɗauke ta. Masu karanta wannan shafi sun saba ganina ina amsa tambayoyi a kan alwala da azumi da rabon gado. Yau ba fatawa na kawo ba. Na zo in faɗi wani abu da na yi mata, wanda ban san girmansa ba sai da ƴaƴanta suka zama mawaƙan da ƙasa duka ta sani.

Na tabbata da yawanku kun riga ni jin ƙungiyar nan da ake kira Taɓare Huɗu. Ƴaƴan Sa'adatu ne: Mariyama ƴar fari, da Balkisa, da Nana, da autansu Habu. Mahaifinsu Isufu ya riga ta rasuwa, ita ma da ta bi shi sai baffansu ya kwashe su zuwa Yamai. A gidansa suka tarar da tarin faya-fayan da ya saya a zamanin samartakarsa, na waƙoƙin baƙaƙen fatar Amurka. An bayyana mini cewa iri biyu ne. Akwai wanda ake kira sol, wato waƙar da ake jan murya daga can cikin ƙirji kamar mai kuka. Akwai kuma disko, kiɗan rawa mai bugu ɗaya da ba ya canjawa. Wannan bayani daga baya na same shi. A lokacin abin da na sani shi ne Mariyama na koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, sauran suna karatu, kuma kowace sallah sukan bugo waya su gaishe ni.

Wata ranar kasuwa, shekara uku da suka wuce, na shiga wajen dabbobi da hantsi don in sayi tunkiya. Kusa da rumfar masu cajin waya an kafa wata babbar lasifika tana ta ruri. Al'adata ce in sunkuyar da kai in wuce irin wannan wuri da sauri. Ran nan ƙafafuna suka ƙi. A ƙarƙashin gita da ƙahonni da duk hayaniyar, na ji luguden gidanmu.

Ga wanda ya tashi bayan injin niƙa ya cika unguwanni, lugude shi ne mata su kewaye turmi ɗaya, kowace da taɓaryarta, suna saukewa bi da bi, gwanar cikinsu ta cilla tata sama ta tafa ta cafe. Kowane gida da irin nasa. Namu, wanda mahaifiyarmu ta koya wa Sa'adatu, bugu uku ne a jere, da tafi biyu, sannan a ƙwanƙwasa leɓen turmi sau ɗaya. Ban taɓa jin sa a wani gida ba. Na fi shekara ashirin rabona da shi, ga shi yana fitowa daga lasifika a tsakiyar raƙuma.

Wani Buzu dillali mutumin Azagor, wanda muka saba, ya dafa ni.

"Malam, lahiya? Ka tsaya kamar wanda anka kira sunanshi daga rijiya."

Na tambaye shi masu wannan kiɗa.

"Kai Malam, da ni kake wasa? Ai ɗiyan ƙanwarka ne! Can wajenmu har raƙuma sun san su."

Ya ciro waya ya nuna mini. Na ga mata uku a jere cikin tufafi masu ƙyalli kamar an yayyafa musu gilashi, gashi an tayar da shi ya yi tsiri kamar kan rumbu, suna ɗaga hannu tare suna juyawa tare. Bayansu wani saurayi da wando mai faɗin ƙafa yana rungume da doguwar gita. Fitilu na juyawa, ja da kore, dubban mutane maza da mata suna tsalle. Ta tsakiyar ta matso ta buɗe baki, sai na ga wushiryar Sa'adatu. Mariyama ce, yarinyar da ni na yi mata huɗuba a kunne ranar da aka haife ta. Na mayar masa da wayarsa. Na koma gida ba tunkiya, har iyalina suka zaci an yi mini rasuwa.

Daga nan abin ya yi ta hauhawa a gaban idona, ni kuwa kowane mataki sabon firgici ne gare ni. Na ji cewa a gidajen biki suka fara, sai tele ta ɗauke su, sai aka kira su Maradi fili ya kasa ɗaukar jama'a, sai Abijan, sai Dakar, sai Faransa. Ƴan kabu-kabu suka liƙa hotonsu a babura. Na je ta'aziyya Korahane na tarar da ƴan mata a bakin famfo suna tafa luguden mahaifiyata, ba su san ko wace ce ita ba. Mafi tsanani, wata la'asar ina limanci, muna raka'a ta biyu, wayar wani a sahun baya ta ɗauki waƙarsu. Bugu uku, tafi biyu. Sai da na yi sujadar rafkanuwa, domin na manta inda nake a salla.

Na daina ɗaukar wayarsu. Suka aiko mini da alkyabba da darduma, na mayar. Duk wanda ya tambaye ni nakan ce, da Sa'adatu tana raye da baƙin ciki ya kashe ta, mace mai kamun kai wadda ko maƙwabci ba ya jin muryarta. Na faɗi haka sau da yawa, kuma na gaskata kaina.

A farkon daminar bana, bayan azahar, ina zaune a zaure ina jiran labaran Hausa a rediyo, sai aka sa hira da Mariyama. Na miƙa hannu zan kashe, sai na ji mai tambaya ya ce, me ya sa taɓare huɗu alhali mata uku ne? Ta ce ta huɗun ta Inna ce, kuma Habu ne yake buga bugunta da babbar gitarsa, domin shi bai taɓa jin ta tana waƙa ba. Aka tambaye ta ko suna da muryarta a ajiye. Ta ce:

"Ko ɗaya. Sau guda ta taɓa ɗauka cikin kaset, mu ukku muna daka tare da ita, Habu na goye. Anka aika ma Baba can Libiya. Bai ce komi ba a kai, har ya dawo, har ya rasu. Inna ta ce mani, tunda ya ji ya yi shiru, ke nan ta ba shi kunya gaban maza. Daga ranar ba ta ƙara waƙa ba. Allah shi gafarta ma Baba, amma abin nan ya daɗe shina ci mani rai."

Jama'a, kaset ɗin nan yana ɗakina. Yana cikin akwatin ƙarfe, a ƙarƙashin littattafan da na gada daga mahaifinmu, shekara ashirin da shida.

Ga yadda aka yi. A wancan zamani Isufu yana aikin lambu a kudancin Libiya. Babu wayar hannu, kuma shi da ita ba su iya rubutu ba, saboda haka kamar sauran gidaje da kaset suke gaisawa. A ari manyeto, wato rediyo mai ɗaukar murya a kaset, a zauna a faɗi duk abin da ke akwai, a naɗe da tsumma, a ba direban da zai bi hanyar Agadas. Wata safiya ina karantar da almajiran ilimi manya a zaure, na jiyo ta katanga an fara lugude, Sa'adatu na waƙa yara na amsawa, ana tsayawa ana dariya ana sakewa. Da rana ta leƙo ta miƙo mini ƙulli, ta ce in taimaka in kai tasha tunda hanyata ce.

Na kai har bakin mota. Direban, mutum mai barkwanci, ya miƙo hannu yana dariya, ya ce in kawo, ai shi idan hamada ta yi tsawo kaset ɗin mutane yake sakawa ya ɗebe kewa, duk asirin Dakoro a motarsa yake. Ban sani ba ko wasa yake. Na kuma tuna cewa su Isufu su goma sha suke kwana a ɗaki ɗaya da manyeto ɗaya, saƙon kowa a gaban kowa ake sauraronsa. Sai kishi ya kama ni, na ce muryar ƙanwata ba za ta bi ta hannun direbobi ta faɗa ɗakin ƙarti ba. Na ce masa na yi mantuwa, na juyo da ƙullin a aljihu. Niyyata in sa ta sake ɗauka ba waƙa.

Da yamma ta tare ni a ƙofa, fuskarta cike da fara'a irin ta wanda ya yi abin da ya daɗe yana so.

"Yaya Malam, saƙon ya tahi?"

Na ɗaga mata kai. Ni da nake koya wa mutane cewa ƙarya da ka daidai take da ƙarya da harshe. Na ce gobe zan gaya mata. Goben ta zama mako, makon ya zama wata, har faɗin ya fi ɓoyewar nauyi. Saƙonni a lokacin sukan yi wata uku a hanya, wasu su ɓace, saboda haka Isufu bai san akwai wanda bai iso ba. Ita kuwa kunya ba za ta bar ta ta tambayi mijinta ko ya ji waƙarta ba, ko da ya dawo suna ɗaki ɗaya. Na ji dakan gidanta ya koma bugu kawai, ba tafi ba murya. Kun san abin da na yi? Hamdala na yi. Na ce girma ya zo wa Sa'adatu. Shirun da ni na jawo, shi na riƙa yabonta da shi, har na kafa hujja da shi a kan ƴaƴanta.

Bayan hirar nan na kwana uku ban fita karantarwa ba. Na juya al'amarin ta kowace fuska irin yadda nake yi wa tambayoyin mutane, ban sami kafar tsira ba. Mace ta yi wa mijinta waƙa, na san hukuncinsa tun ina yaro: halal ne. Idan ina tsoron kunnen wasu, gyaransa magana ɗaya ce da ita. Abin da aka damƙa mini kuwa amana ne. Sannan kyautar da ba ta isa hannun wanda aka yi wa ba, tana nan a matsayin dukiyar mai ita, idan ta mutu ta shiga gado. Ni na raba gadon Sa'adatu da hannuna, tun daga tumaki har kwanonin jere, na tambayi kowa ko akwai wanda ya san wani abu nata da ya rage, alhali abin da ƴaƴanta za su fi so yana ƙarƙashin littattafaina. Ga Isufu kuma, bawan Allah da bai ji ba bai gani ba, ƴarsa tana nema masa gafara a gaban ƙasa duka a kan laifina.

Abu ɗaya ya yi ta riƙe ni: idan na ba su, za su iya ɗora muryarta a kan diskon nan, ta fito daga lasifikar kasuwa, ta yi ƙara a aljihun wani a sahun salla. Abin da na guje wa a mota ɗaya zai faru a duniya duka. Amma na ga cewa wannan tunani shi ne dai wanda ya juyo da ni daga tasha. Na buga wa Mariyama waya, karo na farko cikin shekara uku, na ce idan za su zo addu'ar mahaifiyarsu bana, su sauka gidana.

Suka zo makon jiya, cikin shiga ta mutunci, suka durƙusa suka gaishe ni kamar ban taɓa mayar musu da kyauta ba. Bayan mun dawo daga maƙabarta da hantsi, na zaunar da su a tsakar gida ƙarƙashin bishiyar bedi. Na riga na aro tsohon manyeto a wajen mai gyaran rediyo. Na ajiye ƙullin a gabansu da tsummansa na asali, na faɗa musu duk abin da na faɗa muku, ban rage ba. Sai harshena ya so ya koma halinsa, na ce, "Sai dai ina roƙonku kada ku..."

Balkisa, wadda ta fi su zafi tun tana ƙarama, ta katse ni.

"Kawu, shekara ashirin da shidda kana riƙe da bakinta. Ya isa hakanan."

Ban taɓa jin ɗan ƙanwa ya yi wa kawunsa magana irin wannan ba, kuma ban taɓa jin hukuncin da ya fi shi daidai ba. Habu ya saka kaset ɗin.

Aka yi ƴar shashsheka, sai ga Sa'adatu. Ni ma ranar na fara jin abin da ke ciki. Ta yi sallama, ta gaishe da "Baban Balki" gaisuwa mai tsawo, ta ce tunkiya ta haifi tagwaye, geron gonar Sabon Maci ya yi kyau, rufin ɗaki na yoyo ta gabas. Sannan ta yi dariya ta ce, tunda can ba su da turmi sai burodi, bari a jiyar da shi abin gida. Bugu uku, tafi biyu, leɓen turmi. Ta ɗaga murya. Na yi shekaru ina jin wannan murya ta bayan katanga, amma ban taɓa sauraronta ba sai ran nan. Ta bi yaran ɗaya bayan ɗaya tana yi musu kirari, har ta ambaci sunan Mariyama ƙarara, ita da kunyar ƴar fari ba ta taɓa barin ta kira shi a gaban kowa ba. Mariyama ta kifa kai a cinyar Nana. Can jariri ya tsala kuka, aka ji ta tana jijjiga shi ba ta bar waƙar ba. Habu, ƙato mai gemu, ya ce, "Ni ne wannan?"

Da dakan ya ƙare ta matso kusa da manyeton tana haki, ta ce:

"To, sai na ji daga gare ka. In ka ji daɗi ka hwaɗa mani, in ba ka so ba ma ka hwaɗa. Yaya Malam zan ba, shi kai tasha, don shi abin da anka ba shi ba ya ɓata."

Kaset ya ƙare, maɓallin ya ɗago da kansa. Na yi wa mutane da yawa talƙini, na ga mutuwa iri-iri, amma ban taɓa jin ƙasa ta janye daga ƙarƙashina kamar wannan lokaci ba. Na roƙe su gafara. Mariyama ta share ido ta ce nasu haƙƙin sun yafe, amma na Inna da Baba ba a hannunsu yake ba. Gaskiya ta faɗa. Shi ya sa nake rubuta wannan a inda kowa zai gani: duk wanda ya ji hirar nan ya zargi Isufu, ya sani Isufu bai taɓa jin waƙar matarsa ba. Da ya ji, na san shi, da ya saka ta har kaset ɗin ya tsinke.

Nakan tambayi kaina yanzu me Sa'adatu za ta ce da ta ga ƴaƴanta a ƙarƙashin fitilun nan. A da ina da amsa a shirye. Yau ba ni da ita, domin matar da nake ba da amsa da sunanta, ni na ƙera ta. Abin da nake zato shi ne za ta ja mayafi ta rufe fuska saboda tufafin da gashin, ta yi salati, sannan daga cikin mayafin ta ce Nana na saurin tafi. Ni dai ra'ayina a kan cakuɗuwar maza da mata a filin rawa bai canja ba, na kuma faɗa musu kafin su tafi, suka saurara da ladabi. Sai dai na faɗe shi a matsayin nasiha daga mutumin da laifinsa ya fi nasu tabbata.

Me ya rage na Sa'adatu bayan shekara goma sha biyar? Tumakinta sun ƙare, ɗakinta ya rushe an gina wani, turminta ya tsage. Ta bar ƴaƴa huɗu da ba su yanke zumunci ba ko da aka yanke musu. Ta bar bugu uku da tafi biyu, waɗanda na yi zaton na binne, sai ga su a bakin famfon Korahane da ƙasashen da ban san sunansu ba. Ta kuma bar kyakkyawan zaton da ta yi mini, wanda zan tsaya da shi a gaban Ubangiji ban san abin da zan ce ba.

Sun tafi da kaset ɗin, ban kuma tambayi abin da za su yi da shi ba. Shekaranjiya wani direban Yamai ya yi sallama a zaure ya miƙo mini ƙaramin ƙulli. Ciki akwai ƴar rediyo mai katin ajiye sauti, da takarda daga Mariyama. Ta ce sun kwafi muryar gida biyar, huɗu nasu, ɗaya nawa, kuma ba za ta hau faifai ba, domin saƙo ne ga Baba. Na duba ƙullin da kyau. Yadda aka ɗaure shi a Yamai haka ya iso, kwana biyu kacal, direban bai ko kwance ba.

Allah ya jiƙan Sa'adatu da Isufu, ya haɗa su a inda ba a bukatar ɗan aike. Ya shiryi ƴaƴansu ya tsare su a duk inda suka sa ƙafa, ya sa iyayensu su yafe mini ranar da za mu haɗu. Kai kuma mai karatu, idan akwai saƙon wani a aljihunka, Allah ya ba ka ikon isar da shi tun mai shi yana da rai. Ya sanya albarka a gidanka da iyalinka da zuriyarka, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Amin.